Ku Tambaya Mu Amsa: Sayen Babbar Mota Ta Hannu Idan Jari Bai Taka Kara Ya Karya Ba

Yawancin wasiƙun da suka iso mana a wannan watan a kan manyan motocin ɗaukar kaya suke, kuma kusan dukkansu daga mutanen da kuɗinsu ba zai kai ga sabuwa ba suka fito. Mun zaɓi bakwai daga ciki, mun taƙaita tambayoyin saboda ƙarancin fili, mun kuma ɓoye sunayen masu su kamar yadda muka saba. Ba mu kawo farashin kowace mota ba, domin farashin yana bin canjin dala ne, kuma abin da muka rubuta yau zai iya zama tsohon labari kafin mujallar ta kai hannunku.

Tambaya: Na yi ritaya bayan shekara 35 ina aikin gwamnati. Na haɗa kuɗin sallamata da na wani fili da na sayar a Rigachikun, ina so in sayi kan tirela da bodinta in ba direba. Dillali ya samo mini wata, kuma kuɗin da ke hannuna ya yi daidai da farashinta cif-cif. Shin in biya? Daga wani dattijo a Barnawa.

Amsa: Allah ya sanya albarka a wannan hutu, Malam. Shawararmu ita ce kada ka biya, domin kuɗin da ya yi daidai da farashin tirela cif-cif bai kai kuɗin tirela ba. Ranar da ka karɓi makulli ita ce ranar da motar za ta fara cin kuɗi, kuma za ta daɗe tana ci kafin ta fara kawowa.

Mu fara da taya. Kan mota mai aksil biyu a baya yana tsaye ne a kan taya 10, bodi mai aksil uku kuma a kan taya 12, jimilla 22 ke nan, ban da tayar ko-ta-kwana. Da wuya mai sayar da tsohuwar mota ya bar mata tayoyin kirki, domin al'ada ce a cire masu kyau a mayar da waɗanda suka sha hanya kafin a kai ta kasuwa. Ko da rabinsu kawai ka sauya, kuɗin da za ka kashe zai girgiza ka. Bayan taya akwai batir biyu, akwai juyen baƙin mai da na giyabos da na aksil, da sauya dukkan filtoci, waɗanda wajibi ne a yi su kafin tafiyar farko tunda ba ka san yaushe rabon motar da su ba. Sannan ga takardu. Inshorar dole kaɗai, wadda ke biyan ɓarnar da motarka ta yi wa wani, an mayar da ita naira 100,000 a shekara ga manyan motocin haya tun daga Janairun 2023, kuma wannan ba ta biyan ko sisi idan taka motar ce ta lalace.

Sai man tafiya. Tirela mai cike da kaya kan sha kimanin lita ɗaya ta gas a kowane kilomita biyu zuwa biyu da rabi. Daga Kaduna zuwa Legas ya haura kilomita 700 ko da ta gajeriyar hanyar Mokwa da Jebba aka bi, ta Abuja da Lokoja kuwa ya fi haka nisa sosai. Ke nan zuwa da dawowa sau ɗaya zai ci wajen lita 600 ko fiye, ga kuɗin abincin direba da yaron mota, ga kuɗin ƙungiya a tasha, ga abin da ake tsinta-tsinta a shingayen hanya. Ƙananan 'yan kasuwa kan ba da wani abu kafin a tashi, amma manyan kamfanoni sau da yawa sai an sauke kaya, an mayar da takardar shaida, sannan a jira makonni kafin kuɗi ya fito. A cikin waɗannan makonni motar za ta buƙaci mai don tafiya ta biyu, kuma sai da ruwan ciki ake jan na rijiya. Ra'ayinmu shi ne, a cikin kowace naira ɗari da ke hannunka, kada abin da za ka miƙa wa mai mota ya wuce saba'in.

Akwai kuma abin da wasiƙarka ba ta ambata ba, wanda a wurinmu ya fi motar muhimmanci, wato kayan da za ta ɗauka. Jihar nan ta Kaduna ba ta rasa kaya. Ana ɗaukar masara daga Saminaka da Giwa, citta daga Kachia da Kafanchan, waken suya zuwa kamfanonin abincin kaji, taki gabanin damina, ga kuma kwantenonin tashar tudu ta Kakuri da aka buɗe a Janairun 2018. Amma kowane ɗaya daga cikin waɗannan yana da masu shi, yana da layi, yana da lokacinsa, kuma kowanne yana buƙatar irin nasa bodin. Wanda ya sayi mota sannan ya fita neman kaya, yakan ƙare a layin tasha yana jiran 'yan kamasho su tuna da shi. Ka fara zama da mai kaya ɗaya ko biyu, ka ji irin motar da suke so da yadda suke biya, sai kayan su zaɓa maka motar.

Idan lissafi bai fita ba, ba abin kunya ba ne ka sauko ƙasa. Tifa mai ɗibar yashi da tsakuwa a cikin gari, ko mota mai taya goma da ke zirga-zirga tsakanin kasuwannin hatsi da Kaduna ko Dawanau a Kano, tana kwana kusa da kai, kana ganin ta da idonka, kuma idan ta lalace bakanikenka zai isa wurinta a yini ɗaya. Ga wanda bai taɓa riƙe babbar mota ba, wannan kusancin ya fi ribar doguwar tafiya daraja, domin kuɗin sallama ba a karɓar sa sau biyu.

Tambaya: Na yi shekara shida ina yaron mota, shekara biyar kuma ina tuƙa ta wani. Yanzu na tara abin da zan sayi kai nawa na kaina, in riƙa hayar bodi. Ina tsakanin DAF 'yar Turai da aka shigo da ita kwanan nan, da Howo 'yar ƙasar Sin da wani kamfani ya yi aiki da ita a nan ƙasar. Wacce ta fi, kuma me zan duba? Daga wani direba a Rigasa.

Amsa: Madalla da wannan himma, ɗan'uwa. Kai ne irin mutumin da wannan sana'a ta fi karɓa, domin kai za ka tuƙa abinka, ba wanda zai sayar maka da gas a hanya ya ce mota ce ta sha.

Motocin biyu ba don aiki ɗaya aka ƙera su ba. Yawancin kawunan da ake kawowa daga Turai masu aksil ɗaya ne a baya, a kan jakunkunan iska suke zaune maimakon sifirin, kuma an tsara su ne don titi mai santsi da nauyin da bai wuce tan 40 ba, mota da kaya gaba ɗaya. Suna da daɗin tuƙi, ba su cika shan mai ba, kuma ga kwantena ko kayan kamfani marasa nauyi sun dace. Amma idan buhun siminti 900 za ka riƙa ja, wato tan 45 na kaya kaɗai, ko kuma za ka riƙa shiga kasuwannin ƙauye da damina, aksil ɗaya ba zai daɗe ba. Howo mai aksil biyu da sifirin na ƙarfe ta fi jure wannan wahala, ko da yake ta fi shan mai, jikinta kuma ya fi saurin kwancewa.

Shekarar ƙira ma abin dubawa ce, kuma a nan sabuwa ba lallai ta fi maka alheri ba. Turawa sun riƙa tsaurara dokar hayaƙi mataki-mataki. DAF XF95 ta zamanin matakin Euro 3 ce, XF105 da ta gaje ta tana buƙatar ruwan AdBlue don tace hayaƙi, waɗanda aka ƙera daga wajen 2013 a kan matakin Euro 6 kuwa sun ƙara da matatar toka a salansa da na'urori masu yawa da ke kai rahoto ga ƙwaƙwalwar injin. Duk waɗannan an yi su ne don tsabtataccen man Turai. Idan suka haɗu da gas ɗin da aka gauraya da kananzir ko wanda ruwa ya shiga, nozul kan mutu, na'ura ɗaya kuma idan ta rikice sai ƙwaƙwalwar ta rage wa injin ƙarfi, ka ga mota lafiyayya tana rarrafe a kan tudu. Gyaran irin wannan sai da kwamfuta da wanda ya iya karanta ta, kuma ba a kowane gari ake samun sa ba. Injin Howo 371 kuwa famfon mai na gargajiya gare shi, asalinsa ƙirar Steyr ce ta ƙasar Ostiriya, kamfanin da aka taɓa harhaɗa motocinsa a Bauchi, saboda haka tsofaffin makanikai ba baƙonsu ba ne. Kafin ka yanke shawara, ka je wurin masu sayar da kayan gyara ka tambayi kuɗin nozul, da kuloci, da turbo na kowacce, ka kuma tambaya ko akwai su a shago yanzu ko sai an aika Legas ko Ƙofar Ruwa a Kano. Amsar da za ka samu a can ta fi tamu amfani.

Sai dai ka yi hattara da motar da kamfani ya sallama. Kamfani ba ya sayar da motar da ke kawo masa riba, kuma mota mai direbobi da yawa ba ta da mai tausayinta. Wadda aka sayar saboda an sabunta motoci gaba ɗaya, kuma akwai littafin gyaranta, ta bambanta da wadda aka jingine a bayan gareji ana cire mata kaya ana sa wa 'yan'uwanta.

Game da dubawa, bari in ba ka abin da na gani da idona. Na taɓa raka wani ɗan'uwana Mararraban Jos duba wani kai. Mun yi da mai motar cewa za mu zo bayan sallar asuba, kuma kada a tayar da ita kafin mu iso. Da muka isa, bakaniken da muka tafi da shi bai ce uffan ba, sai ya zura hannu ta bayan tayar gaba ya dafa jikin injin, ya juyo ya dube ni. Injin da ɗumi. Mai motar ya ce ai matsar da ita kawai aka yi don wata ta fita. Aka murza makulli ta tashi nan take, sautinta kamar sabuwa. Muka yi godiya muka tafi, washegari muka komo ba tare da sanarwa ba, ana sanyin hunturu. A ranar sai da aka daɗe ana murzawa kafin ta kama, ta turnuƙe wurin da shuɗin hayaƙi, kuma da bakaniken ya kwance murfin zuba baƙin mai ya ɗora shi a bakin ramin, sai murfin ya riƙa tsalle saboda iskar da ke tasowa daga cikin injin. Wannan alama ce ta cewa ringi da silinda sun cinye, kuma gyaransu shi ne sauke injin gaba ɗaya.

Saboda haka ka tayar da ita da sanyinta, ka tsaya a bayan salansa. Shuɗin hayaƙi baƙin mai ne ke ƙonewa. Fari mai kauri da bai ɗauke ba bayan injin ya yi zafi yana nuna ruwa na shiga inda bai kamata ba, ko nozul ba ya fesa mai daidai. Baƙi kuwa mai ne ya fi iska yawa, kuma sau da yawa gyaransa ya fi sauƙi. Ka zaro ma'aunin baƙin mai, idan ka ga ya yi kalar shayi da madara, ruwa ya gauraya da shi. Ka buɗe lagireto tun injin bai yi zafi ba, ka duba ko ruwan yana kumfa yayin da injin ke aiki. Ka bar iskar birki ta cika, ka kashe injin, ka taka birki ka riƙe kana kallon agogon iska, domin idan allurar tana sauka akwai yoyo. Ka shiga ƙarƙashi da tocila ka bi shasi daga gaba zuwa baya, musamman wajen farantin da wuyan bodi ke kwanciya a kai da inda sifirin ke riƙe. Sabon fenti a wuri ɗaya, ko faci da walda, yana nufin ƙarfen ya taɓa tsagewa. Kada ka yarda da lambar kilomita da ke gaban direba, ana mayar da ita baya cikin minti kaɗan, amma a motocin Turai mai kwamfuta zai iya karanto awannin da injin ya yi yana aiki daga ƙwaƙwalwarsa. Daga ƙarshe ka matsa a ɗaura mata bodi mai kaya ka hau tudu da ita, domin kai ba kaya ko mai mataccen kuloci gudu yake yi. Bakaniken kuma ya zama naka, kai ka ɗauko shi, kai za ka biya shi, ba wanda dillali ya kawo ba.

Tambaya: Wani abokina a Ingila ya ce zai turo mini kan tirela da araha, sai dai sitiyarinta a dama yake, amma ya ce ana juya shi a nan. Daga wani ɗan kasuwa a Kasuwar Barci.

Amsa: Alhaji, ka gode masa ka ce ya bar ta. Najeriya ta koma tuƙi a hannun dama tun Afrilun 1972, kuma doka ba ta yarda da mota mai sitiyari a dama a kan titunanmu ba. Juyawar da ake yi kuwa ba sitiyari kaɗai take taɓawa ba, sai an taɓa akwatin sitiyari da sandunansa, da fedar birki da bututun iska da wayoyin wuta, kuma sau da yawa da yanka da walda ake yin aikin. Abin da aka yi wa walda a sitiyarin motar da ke jan tan 30 ba abin da za ka ɗora ran direbanka da na mutanen hanya a kai ba ne. Masu saye ma sun san wannan, shi ya sa juyayyiyar mota ba ta da daraja idan ka tashi sayarwa.

Tambaya: An nuna mini wata MAN mai kyau a farashin da ya yi ƙasa da na kasuwa ƙwarai. Mai ita ya ce takardun kwastam suna wurin yayansa a Legas, in ba da kafin alƙalami, za su iso cikin mako guda. Daga wani mai karatu a Tudun Wada.

Amsa: Malam, wannan cinikin biri a sama ne, kuma arahar da ka gani ita ce kuɗin takardun da babu. Motar da ba a biya mata harajin shigowa ba, ko aka biya da ƙarya, jami'an kwastam suna da ikon kama ta a duk inda suka same ta, kuma ba ruwansu da cewa kai na uku ne ko na huɗu da ya saye ta. Kada sisinka ya fita sai ka riƙe takardun na asali a hannunka.

Idan sun iso, ka fara da lambar shasi, wadda haruffa da lambobi 17 ne. Ka karanta ta a inda aka buga ta a jikin ƙarfen shasi, ba a ɗan allon da aka liƙa a ƙofa kaɗai ba, ka goge wurin da tsumma da fetur ka duba ko an taɓa goge ƙarfen da injin gurza ko an sake buga wata lamba. Sannan ka gwada ta harafi bayan harafi da abin da ke cikin takardar shigo da kaya ta kwastam, da rasidin biyan haraji, da takardar mallaka, da lasisin mota. Takardar kwastam tana ɗauke da lambarta da ranar da aka yi ta da tashar da aka fito da motar, ko Apapa ce, ko Tin Can, ko Onne. Mu mutanen Kaduna mun yi sa'a, hedikwatar shiyya ta biyu ta hukumar kwastam a garin nan take, sai ka je da kanka a tantance maka takardar, kada ka aiki dillali. Idan aka ce maka motar ta tudu ta shigo daga Kwatano, ka ƙara sa ido a kan ranar, domin gwamnatin tarayya ta sa dokar hana shigo da motoci ta kan iyakokin tudu daga 1 ga Janairun 2017.

Akwai haɗari na biyu da mutane ba su cika tunawa da shi ba, wato motar da ake bin ta bashi. Manyan motoci da yawa da kuɗin banki aka saye su, ko an jinginar da su. Tun bayan dokar 2017 a kan jinginar da kadarorin da ake iya ɗauka, akwai rajistar jingina ta ƙasa a ƙarƙashin Babban Bankin Najeriya, inda ake iya bincika ko wani ya riga ya yi rajistar haƙƙinsa a kan mota. Ka kuma bincika a rajistar motoci ta 'yan sanda ko an taɓa kai rahoton sace ta. Idan ciniki ya faɗa, ka biya ta banki zuwa asusun da ke ɗauke da sunan da ke kan takardar mallaka, a rubuta yarjejeniya da shaidu, a yi sauyin mallaka nan da nan.

Tambaya: Ina da kai, bodi nake nema. Shin in sayi tsohon bodi na waje, ko in ba maƙera su haɗa mini a gida? Daga wani mai mota a Mando.

Amsa: Duka biyun suna yiwuwa, Alhaji, kuma a nan ne mai ƙaramin jari ya fi samun sauƙi, domin bodi ba shi da injin da zai ɓoye maka ciwo, kusan duk aibinsa ido yana gani. Bodunan Turai ba su da nauyi, wanda hakan ke rage shan mai, amma ƙarfensu siriri ne, da yawansu kuma taya ɗai-ɗai gare su a kowane gefe da jakunkunan iska, ba su son lodin da ya wuce ƙima. Na gida sun fi kauri da nauyi, kuma kowane mai walda zai iya gyara su, sai dai ingancinsu ya dogara ga hannun da ya haɗa su da kuma aksil ɗin da aka sa, wanda galibi na hannu ne.

Ko wanne ka zaɓa, ka ajiye shi a fili mai daidai ba kaya, ka tsuguna a bayansa ka miƙa ido tare da manyan ƙarafa biyun da ke ɗauke da shi. Bodi mai lafiya yakan ɗan yi doro sama a tsakiya ko ya miƙe sak. Wanda cikinsa ya lotsa ƙasa ya riga ya sha lodin da ya fi ƙarfinsa, kuma ba ya komawa daidai. Ka auna tazarar da ke tsakanin aksil da aksil a hagu da dama da igiyar awo. Idan ba su zo ɗaya ba, bodin zai riƙa tafiya a karkace yana cin taya, kuma asarar taya 12 ta fi rangwamen da aka yi maka. Ka duba ƙusar wuya da ke shiga farantin kai, domin iri biyu ce, mai kaurin inci 2 da mai inci 3 da rabi, dole ta dace da farantin motarka, kuma kada ta zama ta cinye ko an yi mata ciko. Ka cire ƙafa ɗaya aƙalla ka ga takalmin birki da idonka, saboda akwai masu toshe bututun iskar aksil ɗin da birkinsa ya lalace su bar shi haka. Idan kan motarka ƙirar Amurka ne irin Mack, ka tuna yawancinsu wutar bolt 12 gare su, na Turai da na Sin kuwa 24, sai an daidaita fitilun bodin. Idan kwantena za ka ɗauka, ka tabbata makullan da ke riƙe ta a jikin bodin suna nan kuma suna juyawa, ba a ɗaure kwantena mai ƙafa 40 da sarƙa kawai a kama hanya.

Tayoyin da ke kansa kuma ka karanta lambobi huɗu na ƙarshe da ke gefensu. Biyun farko mako ne, biyun ƙarshe shekara, wato 2321 na nufin mako na 23 a 2021. Hukumar kiyaye haɗurra ta ƙasa tana ɗaukar tayar da ta wuce shekara huɗu da ƙira a matsayin wadda wa'adinta ya ƙare, ko da zanenta bai goge ba.

Tambaya: Mu huɗu ne, ni da ƙannena maza uku, muna so mu haɗa kuɗin gadonmu mu sayi babbar mota, ɗaya daga cikinsu ya riƙa kula da ita. Kuɗin bai cika ba, kuma ba ma son bashi mai ruwa. Daga wata baiwar Allah a Unguwar Sarki.

Amsa: Allah ya jiƙan magabata, Hajiya. Game da cikon kuɗi, akwai bankunan da ba sa mu'amala da ruwa, irin su Jaiz da ya fara aiki a 2012, da TAJ da Lotus da suka biyo baya. Hanyoyin da aka saba bi biyu ne. A murabaha banki ne ke sayen kadara ya sayar muku da ribar da aka sani tun farko, ku biya kashi-kashi. A ijara kuwa yana ba ku hayarta ne har mallaka ta dawo gare ku. Kowace hanya aka bi, biyan wata-wata ba ya jiran mota ta fito daga gareji, kuma za a nemi ku kawo wani kaso daga aljihunku, da cikakkiyar inshora, da shaidar inda kuɗin biya zai riƙa fitowa. Idan ba ku da tsayayyen mai ba ku kaya, mun fi son ku sayi ƙaramar motar da kuɗinku ya isa, da ku ɗauki nauyin da wata biyu na zaman gareji zai mayar da shi rigima.

Abin da ya fi damun mu a wasiƙarki shi ne zumunci. Mota tana da ƙofofin fitar kuɗi da ba a ba da rasidi, kuma ɗan'uwan da ke kula da ita, ko da amintacce ne, zai wayi gari ana yi masa kallon zargi duk ranar da ya ce ba a samu komai ba a wannan watan. Ayar da ta fi kowace tsawo a Alƙur'ani, a Suratul Baƙara, umarni ne da a rubuta bashi a kafa shaidu, kuma hikimarta ta shafi irin wannan haɗaka. Ku rubuta kason kowa, da albashin mai kulawa daban da ribarsa, da kason da za a riƙa warewa don taya da gyara kafin a raba komai, da yadda za a yi wa motar kuɗi idan ɗayanku ya so fita. Ku buɗe wa motar asusunta na banki, ku sa mata na'urar bin sawu da kowannenku zai iya gani a wayarsa. Direban da za ku ɗauka ya kasance yana da lasisin rukunin G, wanda shi ne na masu jan tirela, da wanda zai tsaya masa, kuma ki nemi a rubuta sunanki a takardar haɗakar da kanki, ba a ce wani ƙane yana wakiltar ki da baki ba.

Tambaya: Na ga ana sayar da manyan tankokin mai masu lita 60,000 da araha sosai. Ba dama ba ce wannan? Daga wani matashi a Kawo.

Amsa: A'a, ɗan'uwa, akwai dalilin arahar. Bayan gobarar tankar da ta hallaka mutane da dama a mahaɗar Dikko, kan hanyar Abuja zuwa Kaduna, a Janairun 2025, hukumar da ke kula da rarraba man fetur ta hana yi wa tanka mai lita 60,000 lodi a kowane defo daga 1 ga Maris na shekarar. Ga shi kuma matatar Dangote ta sanar a 2025 cewa za ta fito da motocinta 4,000 masu aiki da iskar gas don kai mai ga gidajen mai kai tsaye, abin da ya sa masu tanka da suka daɗe a harkar ma suka shiga sake lissafi. Idan aksil da tayoyin tankar suna da kyau, ka yi mata kuɗi a matsayin aksil da taya da ƙarfen da za a auna a Panteka, kasuwar tsofaffin ƙarafa, kada ka ƙara ko naira ɗaya saboda tankin da ke kai.